Kitsen Ɓarauniya

Litinin, 7 ga Janairu

Yau ma Mairambek bai iso ba. Ya bugo waya daga Jalal-Abad, wai dusar ƙanƙara ta toshe mashigin dutse, motar share hanya kuma ta lalace. Shi ne likitan dabbobinmu. In ba shi, ba mai yi wa beyar allurar barci, in ba allura kuwa ba jini. To me ya zaunar da ni a ƙauyen nan tsakiyar hunturu?

Shekara huɗu ina bin tambaya ɗaya kamar karen farauta. Beyar za ta shige kogo ta kwanta wata biyar, ba ci, ba sha, ba fitsari, bazara ta yi ta tashi da ƙarfinta garau. Mutum kuwa ya kwanta sati biyu tsoka ta fara zubewa, jini ya dunƙule a ƙafa, baya ya yi gyambo. Akwai wani abu a jininta lokacin barcin nan. Na bazara na samu. Na hunturu nake nema, kuma beyar ɗaya tilo ta rage mana da abin wuya mai aiko saƙo. Ɗaya ta tuɓe nata, ɗaya baturinta ya mutu.

Ɓarauniya ke nan ta rage. Kawu Esenkul ne ya raɗa mata sunan, don ita ta farfasa masa amyoyin zuma bara.

Gidan Kawun na sauka kamar kullum. Sai dai bana ba shi ya tarbe ni a bakin ƙofa ba. Tun kaka ɓarin jikinsa na dama ya shanye, yana kwance gefen murhu. Mutumin da ya goya ni a wuya ranar da aka binne mahaifiyata. Ban iya kallonsa sosai ba.

Laraba, 9 ga Janairu

Baki shi ke yanka wuya.

Muna shan shayi, Jenge Burul, matar Kawu, ta ce, “Wai ke Tolkun, me kike nema ne a jikin dabbar nan da ya hana ki aure?” Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa tambaya ta a gidan nan. Daɗi ya ɗebe ni, na buɗe baki na yi ta zuba kamar ina gaban ɗalibai. Na ce beyar na kwanciya wata biyar ƙafarta ba ta ƙanƙance. Na ce ba ta yin gyambon kwanciya. Na ce duk ranar da aka gano sirrin, masu jinya za su tashi.

Sai da na kai aya na lura Jenge ba ni take kallo ba, ƙafafun Kawu take kallo a ƙarƙashin bargo. Yaya Sagyn, ɗansu, ya daina tauna gurasa.

Ni da digiri biyu, amma ban san inda ake yin shiru ba.

Alhamis, 10 ga Janairu

Tulun iskar sanyi da za mu daskarar da jinin beyar a ciki yana ta huci, sanyin cikinsa na raguwa. Ba a sake cika shi sai a birni. Mairambek ya ce watakila jibi.

Asabar, 12 ga Janairu

Na je kanti sayen ashana, mai kantin ta riƙe mini hannu. “Allah ya yi miki albarka, ’yar nan. Dama kakanninmu sun faɗa cewa man beyar na tayar da gurgu, ga shi ke ma mai ilimi kin tabbatar.” Na ce ban tabbatar da komai ba. Ta yi dariya ta ce kunya ce irin ta masu karatu.

Ashe maganar ta zaga ƙauye, ta sa riga da wando.

Na dawo na tarar da Yaya Sagyn a bargar dawaki yana goge bindigar Kawu. Tunda na ɗauke shi aikin rakiya ya rantse ya bar farauta. Shi ya ɗauki na’urar bin saƙo a watan jiya, shi ya kai ni har bakin kogon. Ni ina karanta lambobi a takarda, shi yana kallon duwatsu. Yanzu ko idonsa a rufe zai je.

Na ce, “Yaya, wa za a harba?”

Ya ce, “Furofesa, tsatsa nake cirewa.”

Na ce masa dabbar nan doka ta hana taɓa ta, kuma ita kaɗai ta rage mini. Ya ce, “Ta rage miki? Zumar Baba ta shanye kakaf. Kitsen da ke jikinta zumarmu ce, kayan gidanmu ne. Abinmu za mu karɓo.” Wallahi da ba raina a ɓace yake ba da na yi dariya.

Lahadi, 13 ga Janairu

Waya ɗaya zan yi wa masu gadin daji, a zo a karɓe bindigar. Su tafi da shi, watakila su rufe shi. Sannan wa zai ɗaga Kawu a yi masa wanka? Ni? Jenge da ciwon bayanta?

Na ɗauki wayar na ajiye ta fi sau nawa. Haushin kaina nake ji.

Talata, 15 ga Janairu

Jenge ta kira ni in kama mata a juya Kawu. Ban taɓa ganin ƙafar a buɗe ba sai yau. Ta dama ta koma kamar sandar kiwo. A ƙugunsa gyambo ya fara, faɗin bakin kofi. Abin da nake karantawa a takardu, nake nunawa a allo da zane mai launi, ga shi a jikin mai goya ni, yana wari.

Na nuna mata yadda za a riƙa juya shi akai-akai, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a riƙa lanƙwasa ƙafar. Ta ce to. Irin to ɗin da ake ce wa yaro.

Kawu yana magana da rabin baki, sai ka sunkuya. Ya ce kakansa doki ya kayar da shi, ya kwanta hunturu guda, aka shafa masa man beyar ya tashi har ya ƙara aure. Idonsa yana ƙyalli yana faɗa. Rabon da in ga idon nan haka tun zuwana. Na buɗe baki in ce karaya daban, shanyewar jiki daban. Na rufe.

Da yamma shugabana ya kira daga Bishkek. Wai in tabbata na kawo jini, da ɗan yankin tsoka, da kitse guda uku, don masu awon suna jira. Ya tambaya ko akwai matsala. Yana magana ina jin ƙarar cokali a kofinsa. Na ce babu.

Alhamis, 17 ga Janairu

Ya fito fili. Yaya Sagyn ya ce gobe za a yi wa Kawu sadaka, jibi in gari ya washe zai hau dutse. Bai ko ɓoye mini ba.

Na bi shi har wajen ban ruwan dawaki ina bayani. Na ce abin da muke nema ba a kitse yake ba, ko yana nan ma ba ya ratsa fata, sai an yi shekaru ana awo. Na ce man nan da man tunkiya duk ɗaya ne a ƙafar Kawu.

Ya ce, “Ke kika ce maganin yana jikinta. A gabana kika faɗa.”

Na ce, “Cewa na yi watakila a gano.”

Ya ce, “Watakila ɗinki ya fi babu ɗin asibiti. Su cewa suka yi mu kai shi gida.” Sannan ya ce, “Ke kina son jininta ki sa a kwalba ki samu suna. Ni ubana nake so ya taka ƙasa. Wa ya fi wani gaskiya?”

Na zage shi. Na ce masa jahili. Ɗan kawuna, wanda ya girme ni, wanda ya koya mini hawan doki. Bai rama ba, ya ja dokinsa ya wuce.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, na sani. Sanin bai rage mini komai ba.

Juma’a, 18 ga Janairu

Ban san ta inda zan fara ba.

An yanka tunkiya, dattawan ƙauye suka cika ɗaki bayan an sauko daga masallaci. Aka jingina Kawu da matasai a can sama, aka sa masa farar hularsa. Aka yi karatu aka shafa. Ni ina bakin ƙofa ina zuba shayi ina miƙawa, raina duk yana kan gobe.

Da aka fara rabon nama, tsoho Toktosun, abokin Kawu na yarinta, ya hango ni. Shi dama bakinsa ba ya hutawa. Ya ce, “Kai, ashe ’yar ƙanwa tana gidan! Esenkul, ka sa a ƙirga dawakinka. Gara kyarkeci bakwai su shigo garke da ɗan ’yar’uwa ɗaya ya shigo.” Aka kwashe da dariya.

Al’adar ce yake tsokana da ita. Ɗan ’yar’uwa in ya zo gidan kawunsa, abin da idonsa ya so ya nuna, ba a hana shi. Hanawa abin kunya ne har jikoki. Yara maza ɗan doki suke nunawa, ko sirdi, ko wuƙa. Ni ban taɓa nuna komai ba, ina ganin abin ƙauyanci ne.

Toktosun ya ce, “To faɗa mana, me kika kwashe masa zuwa yanzu?”

Na ce ban ɗauki komai ba tukuna.

Ya ce, “Subhanallahi, wannan ta tara bashi ke nan. Nuna mu gani, ga shaidu.”

Ban shirya ba. Na rantse ban shirya ba. Butar shayi tana hannuna, na ji bakina yana cewa, “Kawu, Yaya Sagyn ya ce beyar da ta sha zumarka kayan gidan nan ce. To ita nake so. Ka ba ni Ɓarauniya, da ranta.”

Wasu suka fara dariya, sai suka ga ba wasa nake ba. Kowa a ɗakin ya san me aka shirya yi gobe, kuma don wa. Jenge ta ce, “Tolkun!” a hankali, kamar na taka mata ƙafa. Yaya Sagyn ya miƙe tsaye da wuƙar rabon nama a hannu, bai ma san tana hannunsa ba. Ya ce, “Baba, kada ka amsa mata. Wannan ba roƙo ba ne, fashi ne.”

Kawu ya daɗe yana kallona. Ba kallon fushi ba, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya san abin da na roƙa. Shi a zuciyarsa ƙafarsa na roƙa, a gaban mutane, inda ba zai iya cewa a’a ba.

Ya motsa baki, ba a ji ba. Toktosun ya sunkuya ya kasa kunne, ya ɗago fuskarsa ba annuri. Ya ce, “Ya ce ’yar Saikal ba ta taɓa roƙonsa komai ba. Ya ce ta ɗauka.”

Saikal, sunan mahaifiyata. Rabon da in ji shi a bakin wani har na manta.

Aka shafa fatiha a kai, tunda haka ake yi. Yaya Sagyn ya ajiye wuƙar ya fita. Na ci gaba da zuba shayi, har na ƙona wani dattijo a gwiwa.

Na yi nasara ke nan. Ɓarauniya za ta kai bazara.

Asabar, 19 ga Janairu

Gari ya washe tas. Bindiga tana rataye a bango, ba wanda ya taɓa ta.

Jenge ta kawo mini shayi ta ce, “Ga shi, Dakta.” Tun ina cikin zanen goyo ’yata take ce mini.

Da za a juya Kawu ba ta kira ni ba, maƙwabciya ta kira.

Talata, 22 ga Janairu

Kawu ya daina tambayar ko gari ya washe. Abinci ma sai an matsa masa. Ba abin da ya canza a ƙafar, tunda dama ba abin da zai canza ta. Na faɗa wa kaina haka da safe, na sake faɗa da rana.

Mai kanti ta ba ni ashana ba ta dube ni ba. Su yi ta yi. Ni na san abin da na sani.

Laraba, 23 ga Janairu

Ina da gaskiya. Me ya sa gaskiyar ba ta da ɗumi?

Juma’a, 25 ga Janairu

Mairambek ya iso, da jan hanci da labarin hanya mai tsawo wanda ban saurara ba. Ya duba tulun ya ce sanyin zai kai mu in mun hanzarta. Ya tambaya wa zai kai mu kogon. Dusar ta rufe duk alamun da na sani, kuma ba mai iya bi da dawaki ta gefen kwazazzabon nan sai mutum ɗaya.

Na je barga na tsaya kamar mai bara. Ban san da wane baki zan fara ba, bakin da ya ce masa jahili. Bai bari na yi magana ba. Ya ce, “Baba ya ba ki ita. Ni ɗan rakiya ne, a biya ni ladana.” Ko Furofesa bai ce ba.

Lahadi, 27 ga Janairu

Mun je, mun dawo, duk jikina ciwo yake.

Dawaki suka kai mu inda suka iya, sauran muka taka da ƙafa, dusa har ƙugu. Yaya Sagyn a gaba, bai waiwayo ba sai in zai nuna inda ba a takawa. Bakin kogon ɗan rami ne da tururi ya narkar da gefensa. Mairambek ya kwanta ruf da ciki ya harba allurar. Muka jira. Sannan su biyu suka jawo ta waje a kan bargo.

Ban taɓa ganinta kusa haka ba tun ranar da muka sa mata abin wuya. Ta yi ƙiba, gashinta na sheƙi, faratan nan farare. Na taɓa cinyarta. Tsoka cike, tauri kamar ta dokin sukuwa. Wata biyu da rabi tana kwance. Kawu ma kusan haka. Na ji wani irin haushinta da ban san daga ina ya zo ba, har na ce a raina, ke me kika fi shi da shi?

Aiki ya tafi daidai. Jini ya cika kwalabe, baƙi-baƙi mai kauri. Mairambek ya aske gashi ya tsaga fata kaɗan a cinya, na ciro tsoka, na ciro kitse guda uku, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. Fari sol.

Yaya Sagyn ne ya riƙe kanta a cinyarsa don kada hancinta ya nutse a dusa. Ba wanda ya sa shi. Ya rufe mata ido da hularsa. Wuƙarsa tana ɗamararsa, maƙogwaronta a ƙarƙashin hannunsa, ina kallo ta gefen ido har aka gama ɗinki. Bai motsa ba.

Da ya ga abin da na ciro ya ce, “Shi ke nan? Duk rigimar a kan wannan?”

Na ce eh.

Ya ce, “To maganin naku yaushe zai fito?”

Na so in yi ƙarya. Na ce shekara ashirin, in an yi sa’a. Watakila ma ba zai fito ba.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “Zan faɗa wa Baba ya jira.”

Muka mayar da ita ciki, muka toshe bakin da rassa kamar yadda muka same shi. Tana numfashi a hankali, ba ta san an yi komai a kanta ba.

Talata, 29 ga Janairu

Mairambek ya tafi da tulun jiya da safe. Jini lafiya, tsoka lafiya. Shugabana ya kira ɗazu yana tambayar me ya sa kitsen biyu ne ba uku ba. Na ce masa biyu ne. Ya ce masu awo ba za su ji daɗi ba, in ɗaya ya lalace ba madadi. Na ce na sani.

Na ukun ban san lokacin da na sa shi a aljihu ba. To, na sani. A bakin kogon ne, Mairambek ya juya baya.

Jiya da azahar na ajiye ’yar kwalbar a gaban Jenge. Ta ɗaga ta a hasken taga ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Wannan ai ko ƙafar sauro ba zai isa ba.” Amma ta tashi ta ɗauko man jelar tunkiya ta narkar, ta jefa shi ciki, ta juya da cokali tana addu’a.

Na ce kada a kai shi kusa da gyambon. Ta ce to in na fi ta sani in zo in yi da kaina. Na yi. Na shafa daga idon sawu zuwa gwiwa, ina lanƙwasa ƙafar ina miƙewa, dama abin da nake ta cewa a riƙa yi ke nan. Saboda haka ba don man ba ne. Kawu ya rufe ido. Da aka gama ya nemi romo, ya sha rabin kwano.

Ba ya magani. Ko a gaban wa zan faɗa, ba ya magani. Ƙafar ba ta motsa ba, kuma ba za ta motsa ba.

Na buga waya Bishkek na ce ba zan dawo ba sai hanya ta gama buɗewa, ko da yake a buɗe take. Man da Jenge ta haɗa zai kai sati uku in an yi tattali. Jenge ta ce gobe ma ni ce da shafawa, wai hannuna ya fi nata ɗumi.